Ranar da Aka Bar Shanu Suna Jira

Sau ɗaya ake taron gari a Wenlow cikin shekara, ranar Talatar farko ta watan Maris. Tun ƙarfe goma na safe ake zama a ɗakin taron da ke gefen coci, a bi ajanda layi bayan layi. Wanda ya yarda ya ɗaga hannu, wanda bai yarda ba ya ɗaga nasa daga baya. Ba wanda ya taɓa rubuta lokacin tashi, amma kowa ya san shi. Da ƙarfe uku da rabi ta yi, masu shanu za su fara neman hulunansu, domin ƙarfe huɗu ake tatsa, saniya kuwa ba ruwanta da ajanda. Abin da ya rage, tsofaffi da masu wanke-wanke ke ƙarasa shi cikin minti goma.

Glenna Paquette tana cikin masu wanke-wanken. Shekara shida ke nan da ciwon gwiwa ya raba ta da garken shanu, ta bar gonar a hannun 'yarta Noreen da mijin Noreen ɗin, Linval. Shi mutumin Jamaika ne. Ya zo tsinkar tuffa shekara ashirin da biyu da suka wuce, bai koma ba, har ya zama ɗan ƙasa. A jerin masu zaɓen garin shi kaɗai ne baƙar fata. Shanunsu sittin da huɗu suna can bisa tudu, a ƙarshen wata hanya mai tsawon mil biyu wadda ake kira Hanyar Paquette. Duk bayan kwana biyu tankar madara tana hawa. Da hunturu ba ta iya hawa sai motar gari ta share ƙanƙara.

Taron bana ya cika fiye da na kowace shekara, kuma saboda baƙi ne. Cikin shekara biyu iyalai goma sha ɗaya suka sayi tsofaffin gidajen da aka rufe a gabas da gari. An yi murna da zuwansu, don da 'ya'yansu ne makarantar firamare ta tsira daga rufewa. Wanda suke sawa gaba sunansa Trevor Lund, dogo mai sanyin murya. Ya shiga 'yan sa-kai na kashe gobara, ya hau rufin coci ya gyara inda yake yoyo. Ranar da ya tare, Glenna da kanta ta kai masa burodi da kwalbar zuma.

Ana buɗe taro Trevor ya tashi, hularsa a hannu, ya roƙi a mayar da zaɓe da zancen hanyoyi ƙarshen ajanda. Ya ce su sababbi ne, suna so su ji maganar makaranta a tsanake. Shugaban taro, Hollis Bixby, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya tambayi jama'a. Hannuwa suka tashi ba gardama. Zaɓen dai kullum lallashi ne, ba mai son kujera. Zancen hanyoyi kuma jimla ɗaya ce da ake maimaitawa duk shekara: gari zai ci gaba da share hanyoyin da ya saba sharewa.

Baƙin suka yi ta tambayoyi. Sun tambayi shingen maƙabarta, sun tambayi lasisin karnuka, wata mata ta kwashe rabin awa a kan launin fentin ɗakin karatu. Da aka tashi cin abinci, Roland Gaboury ya miƙo farantinsa ta tagar kicin. Manomi ne, ajinsu ɗaya da Glenna tun suna 'yan shekara shida.

"Zuba min waken nan naki, Glenna, ko na samu abin ɗora wa laifi idan na yi barci."

"Barcinka ya riga waken, tun safe nake jin minsharinka daga nan."

"To ina laifina? Shekara hamsin ina zuwa taron nan, ban taɓa jin an yi wa kare dogon bayani irin na yau ba."

"Ka gode dai an samu masu kula da gari. Ku kam sai a ja ku da igiya."

Ƙarfe uku da rabi ta yi ana layi na tara cikin goma sha biyu. Kujeru suka fara ƙara. Roland ya fita, mutanen gonakin bakin rafi suka bi shi. Linval ya leƙo kicin yana saka safar hannu.

"Mama, za mu wuce. In dawo in ɗauke ki, ko Hollis zai sauke ki?"

"Hollis zai kawo ni. Ga ragowar kek, kai wa yara."

Ya karɓa ya tafi, Noreen tana biye da shi. Mutum tamanin da wani abu suka wuni a ɗakin, yanzu saura arba'in da ɗaya. Glenna ba ta ƙirga su ba a lokacin, sai daga baya.

Tana goge tukunya ta ji an zo layi na goma, kujera ɗaya daga cikin ukun majalisar gari. Wani baƙo ya ambaci sunan Trevor Lund. Ba a kawo wani suna ba. Mai riƙe da kujerar ya daɗe yana neman wanda zai karɓe shi, yanzu kuma yana can wajen shanunsa. Aka ɗaga hannu, aka yi tafi. Glenna ma ta ajiye tukunyar ta tafa da jiƙaƙƙun hannayenta.

Hollis ya karanta layi na sha ɗaya, jimlar nan ta hanyoyi. Trevor ya tashi ya ce yana da ɗan gyara. A bar jimlar yadda take, sai dai a ƙara: ban da Hanyar Paquette.

Glenna ta ɗauka ba ta ji daidai ba. Ta kashe famfo.

"Hanyar Paquette ka ce?" in ji Hollis, yana kallonsa ta saman tabarau.

"Ita, shugaba. Mil biyu saboda gida ɗaya ya yi wa gari nauyi."

Sakatariyar gari, Ardith Colby, mai shekara tamanin da ɗaya, tana zaune gefen Hollis da littafin taro. Ba ta saba magana a taro ba, amma ta ɗago.

"Yaro, ai Hanyar Dutse mil uku ce, gida ɗaya ne ita ma. Me ya sa ba ka faɗe ta ba?"

Wani matashi daga cikin baƙin ya amsa daga zaune. "Ai mun san wa ke zaune a Hanyar Dutse."

Trevor ya ɗaga masa hannu, kamar mai kwantar da yaro. Ya juya ya dubi ɗakin daga wannan bango zuwa wancan, leɓɓansa suna ɗan motsi. Ƙirga mutane yake yi. Da ya gama sai ya yi magana da muryar nan tasa mai sanyi, wadda ya yi godiyar burodi da ita.

"Gara in faɗa a fili, tunda za mu daɗe tare. Ba da ka muka zaɓi Wenlow ba. Mun duba garuruwa da yawa kafin mu same shi. Garin fararen fata ne, haka kakanninku suka bar shi, haka muke so 'ya'yanmu su tarar da shi. Ba mu ƙi kowa ba, ba za mu taɓa kowa ba. Amma gari ba zai ci gaba da share wa irin wancan gidan hanya ba. Wanda zaman bai yi masa ba, ƙasa tana da faɗi."

 Glenna tana tsaye a tagar kicin, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunta zuwa takalminta. Ta dubi matar Trevor, wadda ɗazu suka yanka kek tare. Matar tana gyara wa jaririnta hula, fuskarta a sake, kamar an yi zancen shingen maƙabarta. Sai a lokacin Glenna ta gane fentin ɗakin karatu da lasisin karnuka. Tun safe agogo suke kallo.

Lissafin bai da wuya. Idan motar gari ta daina hawa, tanka ba za ta hau ba. Madarar kwana biyu ta cika tankin gona, ta uku sai a zubar. Kafin hunturu ɗaya ya fita, babu gona. Bayan wannan layin kuma saura na sha biyu, kujerar majalisa ta marigayi Merton da ya rasu a watan Janairu. Idan suka same ta, biyu cikin uku nasu ne.

Hollis ya rasa inda zai sa idonsa. Ya juya takardar hannunsa, ya sake juya ta. "An kawo gyara," ya ce a hankali. "Akwai mai goyon baya?" Muryoyi da yawa suka amsa. Yanzu Glenna ta ƙirga. Baƙi ashirin da uku, 'yan gari goma sha takwas har da ita.

Ba ta taɓa tashi a taron gari ba. Amma shekara arba'in tana jin sa ta wannan tagar, ta san ƙa'idojinsa kamar yadda ta san inda cokula suke. Ta fito da tawul a kafaɗa.

"Hollis. Ina neman a yi ƙuri'ar ta takarda, a jefa a akwati."

"Sai mutum bakwai sun nema, Glenna."

"Na sani. Ni ce ta ɗaya."

Ardith ta ɗaga hannu da alƙalami a ciki. Tsohon malamin makaranta ya ɗaga, matarsa ta bi shi. Wasu 'yan'uwa mata biyu masu kula da ɗakin karatu suka ɗaga tare. Shida. Glenna ta bi sauran fuskokin da kallo, mutanen da ta sani tun suna goye. Wasu suna kallon ƙasa, wasu bakinsu a buɗe, maganar Trevor ba ta gama shigarsu ba. Can daga baya wani kurman tsoho, wanda bai ji rabin abin da aka ce ba, ya ga hannun Glenna a sama, ya ɗaga nasa.

"Bakwai," in ji Hollis. "Za a yi ta takarda."

"Ɓata lokaci ne kawai, shugaba," in ji Trevor.

"Ai tun safe muke ɓata shi, ba ka ce komai ba." Hollis ya juya ga sakatariya. "Ardith, ina akwatin?"

"Yana ofis. Da jerin sunaye." Ta fara neman sandarta. "Makullin kuma ban tuna aljihun da na sa shi ba."

Matashin nan ya tashi ya ce zai je ya ɗauko mata.

"Zauna, ɗana. Akwatin gari sakatariya ke ɗaukarsa."

Ofishin yana tsallaken titi, titin kuwa duk taɓo ne. Ardith ta tsaya ta saka maɓallan kwat ɗinta ɗaya bayan ɗaya, har na wuya.

Glenna ta koma kicin ta rufe taga. Wayar hannu ba ta aiki a kwarin nan, amma akwai ta bango kusa da firiji, kowane garke kuma yana da tasa mai ƙararrawa da ake ji ko injin tatsa yana aiki. Ta buga lambar gida. Ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka.

"Linval, kashe injin. Ku sauko kai da Noreen yanzu."

"Lafiya, Mama? Faɗuwa kika yi?"

"Lafiyata ƙalau. Za su cire hanyarmu daga shara."

"Su wa? Don me?"

 Shekara ashirin da biyu suna cin abinci a tebur ɗaya, ba ta taɓa faɗin irin wannan kalma a gabansa ba. Ta ji numfashinsa ta wayar, da ƙarar injin a bayansa.

"Saboda ni ne," ya ce. Ba tambaya ya yi ba.

"Ku zo dai."

"Goma sha biyu kawai muka tatsa."

"Sauran su jira."

Ta buga wa Roland.

"Glenna, injina yana jikin shanu. In dai waken ne, na yafe."

"Roland, saurara." Ta faɗa masa abin da Trevor ya ce, kalma bayan kalma, ba ta rage ba.

Roland ya ce, "Trevor ɗin da muka riƙe tiyo ɗaya da shi ranar gobarar gidan Merton?"

"Shi."

"A ɗakin taronmu ya faɗi haka? Hollis yana zaune?"

"Ka kira gidaje biyu kafin ka fito. Kowa ya kira biyu. Ni zan bi na bakin rafi."

Ba kowa ya amsa kira ba. Wani ya ce saniyarsa tana naƙuda, kuma da gaske yake. Wani ya ce shi ba ya shiga rigimar siyasa, ya ajiye wayar. Wata ta ce, "Kin tabbata haka ya ce? Mutumin da ya gyara mana rufin coci?" Sai da Glenna ta maimaita mata sau biyu.

Minti ashirin da biyar Ardith ta yi kafin ta dawo da akwatin. Ta yanka takardu da almakashi, ta goge tabarau, ta buɗe jerin sunaye. Duk wanda ya zo gabanta sai ta tambayi sunansa, ko da ita ta yi masa rajistar haihuwa, ta bi layi da yatsa har ta same shi, ta yi alama, sannan ta miƙa takarda. Trevor yana tsaye jikin bango, ya daina murmushi.

"Yaushe za a rufe akwatin, shugaba?"

"Idan kowa da ke cikin ɗakin ya jefa. Haka ƙa'idar take tun kafin a haife ni."

Saura mutum tara a layi aka ji motar farko. Roland ya shigo da takalman roba har gwiwa, kashin shanu yana bin sawunsa a kan katakon da aka goge jiya. Bai kalli kowa ba, ya tsaya a ƙarshen layi. Bayansa matarsa da ɗansu babba. Sai motoci suka fara zuwa bi da bi. Ɗakin ya cika da warin garke da na maganin wanke hantsa. Ba mai gaisawa da kowa. Mutanen da ɗazu suka fita suna barkwanci sun dawo fuska a daskare, kowa yana satar kallon baƙin, kamar yau ya fara ganinsu.

Linval da Noreen suka shigo kusan ƙarshe. Layin ya bi ta gaban inda Trevor yake tsaye. Da Linval ya iso wurin sai ya tsaya.

"Janaretan da na ara maka lokacin da wuta ta ɗauke, ya yi maka aiki?"

Trevor ya dubi gefe. "Ya yi."

"To madalla."

Ya ƙarasa gaban tebur. Ardith ta ɗago ta dube shi.

"Suna?"

"Linval McKoy, Misis Colby."

Ta bi layi da yatsa, ta yi alama, ta miƙa masa takardarsa.

Ƙarfe biyar da kwata Hollis ya rufe akwatin. Aka zazzage takardun a tebur, mutum biyu suka ƙirga, ɗaya daga kowane ɓangare, suka sake ƙirgawa. Hollis ya miƙe.

"Masu son a cire Hanyar Paquette, ashirin da tara. Waɗanda ba su yarda ba, talatin da huɗu. Gyaran ya faɗi."

Noreen ta zauna a kujerar da ke kusa da ita ta rufe fuska da hannu. Ba a yi tafi ba. Glenna tana tsaye, lambar tana juyawa a kanta. Baƙin ashirin da uku ne, ta ƙirga su sau biyu, ba wanda ya ƙaru. Ashirin da tara. Mutum shida ke nan daga cikin 'yan gari. Ta dubi ɗakin. Ga wanda ya ɗauki akwatin gawar mijinta, ga wadda ta yi wa Noreen kwalliyar aure, ga waɗanda ta kira da bakinta ta ce su zo. Ita ta nemi a yi ta takarda, takarda kuwa ba ta da suna.

Aka zo layi na sha biyu. Baƙin suka kawo matashin nan. Hollis ya nemi wani suna, mutane suka fara kallon takalmansu kamar kowace shekara.

"Glenna Paquette," in ji Roland.

"Ba ka da hankali, Roland. Ni da ko tsayuwa ba na iyawa."

"A zaune ake yin ta."

Wannan karon hannu aka ɗaga, kowa yana ganin kowa. Arba'in nata, ashirin da uku na matashin. Glenna ta nemi shidan nan a cikin hannuwan da suka tashi wa matashin, ba ta ga ko ɗaya ba. Duk suna cikin nata.

Hollis ya sanar cewa sabuwar majalisa za ta fara zama ranar Litinin. Trevor ya zo wucewa, ya ɗan rusuna mata. "Sai Litinin, Misis Paquette. Shekara uku gare mu." 

A mota Noreen ce ke tuƙi, Glenna a tsakiya, Linval a jikin ƙofa. Rana tana gab da faɗuwa. Sun bar kwalta sun fara hawan tudu kafin wani ya yi magana.

"Shida," in ji Glenna. "Ina ta juya su. Ba dai mutanen bakin rafi ba. Ko kurman nan ne ya rubuta ba daidai ba? Shi dai ɗaya ne."

"Bar shi, Mama."

"Ba zan bar shi ba. Mutanen nan a gidana suke shan kofi."

Linval ya goge gilashi da hannun rigarsa. "Huɗu daga ciki zan iya faɗa miki ko yanzu."

Ta juya ta dube shi. "Ta yaya?"

"Tun shekarar da na zo na san su. Mutum yana ganewa. Wajen karɓar canji, wajen wanda ake ba hannu da wanda ake ɗaga wa kai."

"Noreen, ke ma kin sani?"

Noreen ba ta ɗauke ido daga hanya ba. "Na sani, Mama."

"Ni kaɗai ce ke nan." Motar tana tangaɗi a cikin taɓo. "Su wa ne?"

"Ɗayansu gobe da safe zai zo aron keken kwasar taki," in ji Linval. "Zan ba shi, don na riga na yi alkawari. Idan na faɗa miki sunansa ba za ki iya gaishe shi ba, ke kuma yanzu kina majalisa, za ki nemi hannunsa wata rana."

"Sauran biyun fa?"

"Su ne ban sani ba. Su nake ta tunani."

Tun kafin su kai kwanar ƙarshe suka fara jin shanun. Hamsin da biyu suna kuka lokaci ɗaya, hantsa ta cika ta yi tauri, wasu nono yana zuba da kansa. Noreen ta tsayar da mota a bakin garke, ba ta ko kashe fitila ba. Linval ya riga ya sauka, yana kiran su da sunayensu ɗaya bayan ɗaya yana ba su haƙuri.